Daga Takardar Haraji Zuwa Katin Zaɓe: Laƙabin Siyasa a Ƙasar Bunkure

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ya san cewa ba a siyasa a nan sai da laƙabi. Kakanninmu sun yi zamanin 'yan Sawaba da 'yan Salama, iyayenmu sun yi na Santsi da Taɓo, mu kuwa muka buɗe ido a kan Kwankwasiyya da Gandujiyya. Abin da nake so in yi a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun waɗannan sunaye, in ga daga ina suka taso, kuma me suka jawo wa manomin ƙasarmu ta Bunkure da Kura. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙari in kafa wa hujja, shi ne asalin rigimar duka a kan haraji take, watau wa zai biya, nawa zai biya, kuma wa zai ci moriyar abin da aka tara.

Haraji dai ba Turawa suka kawo shi ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, shi ya fara karɓar jangali daga hannun Fulani. Sarki Kumbari kuwa, a ƙarni na 18, ya tsananta wa 'yan kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi, har Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali a cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Amma bayan jihadi ba a daina karɓa ba. A ƙarni na 19 akwai kuɗin ƙasa a kan mai gona, da kuɗin karofi a kan marina, da kuɗin shuka ko na rafi a kan mai noman albasa da rake da taba a fadama. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Kura ta yi suna a rini tun a wancan zamani, har Buzaye na neman baƙin yadinta daga cikin Sahara. Abin lura a nan shi ne, wancan tsari, duk da aibinsa, yana duban abin da mutum ya mallaka. Mai karofi goma ba ya biyan daidai da mai karofi ɗaya.

Turawa suka ci Kano a shekarar 1903. Ba su daɗe ba suka tattara waɗannan kuɗaɗe suka mai da su abu guda, suka kafa Baitulmali, suka kuma fito da awon gonaki da ake kira taki. Sannu a hankali aka bar awon, haraji ya koma kuɗin da ake yanka wa gari dunƙule, dagaci da masu unguwa su raba shi a kan kowane baligi namiji. Kuma dole a biya da kuɗin Bature, ba da wuri ko damin dawa ba. To, ina manomi zai sami sule? Sai ya shuka gyaɗa, wadda jirgin ƙasa ya fara kwasa zuwa Ikko tun daga 1912, ko kuwa ya tafi cin rani. Dattawan garinmu har yanzu suna ba da labarin yadda kaka ke zuwa tare da malamin haraji da dogarai, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana a ƙofar gidan dagaci, da yadda magidanci kan sayar da akuyar matarsa ko ya jinginar da gona don ya tsira da mutuncinsa. Wasu kuwa sai su tsere cikin dare, abin da ake kira gudun haraji.

Kada mai karatu ya ɗauka attajirai ba sa biyan kome. Akwai abin da ake kira kuɗin masu arziki, wanda En'e ke yanka wa manyan 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wanda zai kimanta dukiyar attajiri shi ne hakimin da attajirin ke kai wa gaisuwa, wani lokaci ma yana binsa bashi. Ban da wannan kuma akwai wani haraji na ɓoye wanda manomi kaɗai ke biya. Hukumar cinikin amfanin gona, wadda ta riƙe cinikin gyaɗa daga ƙarshen shekarun 1940, ita ke yanka farashi, tana saye da arha a Kano tana sayarwa da tsada a Ingila, rarar kuwa ta shiga asusun gwamnati. Ba a rushe irin waɗannan hukumomi ba sai a 1986. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, in an duba da kyau, tarin haraji ce.

A cikin wannan hali aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano ran 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano kuma ya zama shugabanta a 1953. Kirarinta shi ne Sawaba, alamarta tauraro. Jam'iyyar NPC ta su Sardauna, wadda ta zama jam'iyyar siyasa sosai a 1951, ta ɗauki Salama, alamarta fartanya. A matsayina na ɗalibin harshe, waɗannan kalmomi biyu sun fi ba ni sha'awa a kan dukan jawaban da aka yi a wancan zamani. Dukansu daga Larabci aka aro su. Amma sawaba a bakin Bahaushe ita ce sauƙin da mutum ke samu bayan wuya, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka. Salama kuwa zaman lafiya ce, kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi. Wanda ke ɗauke da kaya shi ke neman a sauke masa, wanda ke zaune a inuwa kuwa fatarsa kada a ta da ƙura. Saboda haka ko wanda bai taɓa shiga aji ba, in ya ji kalmomin nan biyu ya san inda kowace ta dosa, kuma ya san wace ce tasa.

Ban da sunan da jam'iyya ta raɗa wa kanta, akwai kuma wanda abokan gaba suka laƙaba mata, shi ne ma ya fi cutarwa. An kira 'yan NEPU marasa kunya, marasa ladabi, waɗanda ba su gaji arziki ba, har da masu kafirta su. Laƙabin nan ba a fatar baki ya tsaya ba. Mutum in an san shi da Sawaba, to, alƙalin En'e na iya ɗaure shi a kan zagin sarki ko yin taro ba izini, kuma tun daga 1953 ga 'yan Mahaukata a Kano suna bin su da duka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A ƙauye kuwa babu ma bukatar a kai mutum gaban alƙali. Mai unguwar da ke raba haraji ya san kowa, kuma a hannunsa yake ya nauyaya wa wanda ya ga dama.

A nan ne haraji da ƙuri'a suka haɗu. A zaɓen 1951, wanda ke da ikon zaɓe a Arewa shi ne baligi namiji mai biyan haraji. Watau takardar haraji ita ce katin zaɓe na farko da kakanninmu suka riƙe. Zaɓen kuma hawa-hawa ne: ƙauye ya zaɓi wakilai, su je gunduma su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e damar cusa nata mutane kashi 10 cikin 100. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka gama tacewa ko mutum ɗaya nata bai isa majalisar Kaduna ba. Sai a 1959 aka yi zaɓen tarayya na kai tsaye a asirce, kowace jam'iyya da akwatinta mai ɗauke da alamarta, a nan ne Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Mata kuwa, waɗanda ake sayar da awakinsu a biya haraji, ba su sami ikon jefa ƙuri'a a Arewa ba sai a 1976.

Kafin siyasa ta dawo a 1979, ƙasarmu ta sake kama. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sa'an nan aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi a kan hekta 22,000, daga 1976 kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. An tashi dubban mutane daga inda ruwan Tiga ya kwanta. A wajenmu kuwa an karɓi gonaki, an baje su da katafila, an yanka su fegi-fegi, aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso saboda hanyoyin ruwa. Itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya da yawa sun tafi a wannan aiki, kuma duk wanda ya san abin da kalwa take a tukunyar mace ya san ba ƙaramar hasara aka yi ba.

Ba na cikin masu cewa aikin bai amfane mu ba. Wanda ya ga motocin tumatir suna lodi a Kwanar Gafan, ko ya ji ƙarar injinan casar shinkafa a Kura, ba zai faɗi haka ba. Amma masu bincike da suka zauna a yankin a shekarun 1970, irin su Tina Wallace, sun nuna cewa noman alkama da tumatir na bukatar kuɗin ruwa, da na tarakta, da takin zamani, da ladan 'yan ƙwadago, tun kafin a girbi ko tiya ɗaya. Wanda ba shi da jari sai ya ba da feginsa haya ko ya sayar, ya koma yi wa wani aiki a gonar da ya gada. Masu karɓa kuwa su ne manyan manoma, da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birni. Da kuɗin jama'a aka gina Tiga, amma ruwanta ya fi kwarara zuwa gonar mai hali. Kuma a duk tsawon waɗannan shekaru, shi wanda ya rasa gonar bai daina biyan haraji ba.

Da wannan ciwo mutanenmu suka shiga rumfar zaɓe a 1979. PRP ta Malam Aminu ta zo da mabuɗi da kirarin Nasara, NPN ta zo da gida da masara da kirarin Aminci. Mai karatu zai lura cewa Aminci ƙanwar Salama ce, ba a ma wahalar da kai wajen neman sabuwar ma'ana ba. PRP ta kwashe kujerun sanata biyar na Kano duka, ta kuma ci gwamna. Muhammadu Abubakar Rimi ya kama mulki ran 1 ga Oktoba, 1979, yana hawa kuwa ya soke haraji da jangali, haka ma Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Abin da aka yi shekara 29 ana shan ɗauri da bulala a kansa, ƙuri'a ta kawar da shi a rana ɗaya. Duk lokacin da wani abokin karatu ya ce mini zaɓe ɓata lokaci ne, wannan rana nake tuna masa. Kuma soke harajin ya taɓa abin da ya wuce aljihu, domin ya karɓe wa dagaci da hakimi sandar da suka fi jin daɗin riƙewa.

Akwai wani abin da ƙuri'ar Kano ta yi a wannan shekara wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya sami haka a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94 cikin 100. Awolowo ya kai ƙara, yana cewa sai jihohi 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake nema a jiha ta 13 shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, watau kashi ɗaya cikin shida. Kotun Ƙoli ta yarda da shi ran 26 ga Satumba, 1979. In aka yi lissafi, abin da ya tsallakar da Shagari a Kano bai wuce ƙuri'a dubu 40 ba. Da waɗannan sun faɗa wani akwatin, da sai an je zagaye na biyu.

Murna ba ta daɗe ba. A 1980 PRP ta dare biyu, gwamnonin nan biyu da magoya bayansu suka zama Santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam suka zama Taɓo. Kowane ɓangare da yadda yake fassara sunayen. Ɗan Taɓo zai ce maka santsin mulki ya kwashi su Rimi, su kuwa suna nan daram inda Malam ya tsaya. Ɗan Santsi zai ce su ne ke tafiya da zamani, sauran sun maƙale a laka. Mu da muka tashi a bakin kwalbatin ruwa mun san santsi da taɓo duka a gona ɗaya ake samunsu, kuma ruwa ɗaya ke kawo su. Abin da ya dame ni da waɗannan sunaye shi ne, ba kamar Sawaba da Salama ba, babu wanda zai ji su ya gane abin da mai su zai yi wa manomi. Suna gaya maka wanda mutum ke bi ne kawai. Aka tsige Balarabe Musa a watan Yuni na 1981. Ran 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo, soja kuma suka kwace mulki a ranar ƙarshe ta wannan shekara. Ba a jima ba gwamnonin soja a Arewa suka dawo da karɓar kuɗi a kan kowane baligi, ba tare da sun tambayi kowa ba.

To, a nan zan faɗi abin da na san wasu malamaina ba za su ji daɗinsa ba. A ganina aikin 1979 rabi aka yi. An sauke wa talaka kaya, amma ba a ɗora wa mai ƙarfi ba. Abin da ya sa aka iya soke haraji cikin sauƙi shi ne kuɗin man fetur na zuwa daga Ikko kowane wata, har abin da ake tarawa daga ƙauyuka ya zama bai taka kara ya karya ba. Da a ce a cikin shekaru huɗun nan an zauna an rubuta wa ya mallaki fegi nawa a ƙarƙashin ruwan Tiga, wa ke da gidajen haya nawa a birni, aka yanka wa kowa gwargwadon abin da yake samu, da gwamnatin jiha ta tsaya da ƙafarta sa'ad da farashin mai ya faɗi. Maimakon haka aka ɓata lokacin a kan wane ne ɗan Malam na gaskiya. Wani zai ce shekara huɗu ba ta isa ba, ga kuma gwamnatin tarayya a hannun abokan hamayya. Na yarda da wannan har wani matsayi, musamman da yake aikin ruwan kansa a hannun hukumar tarayya yake. Amma harajin mutum ɗaya ɗaya da na gidaje ba a hannun Ikko suke ba.

Shi kuwa talaka, da aka daina zuwa ƙofar gidansa da rasit, ba a daina karɓa daga gare shi ba. An fara harajin kayan masarufi a 1994 a kan kashi 5 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa 7.5 a 2020, kuma mai fegi ɗaya da mai fegi hamsin kuɗi ɗaya suke biya a kan katin waya. Ga kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha da shingayen hanya a kan kowane kwandon tumatir kafin ya isa Ikko, wanda a ƙarshe daga farashin manomi ake cire shi. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, wanda ya fara ji a jikinsa shi ne mai injin ban ruwa a can ƙarshen hanya, inda ruwa ba ya isa sai an ja. Bambancin wannan da harajin da shi ne, na da yana da fuska, an san wanda za a yi wa Sawaba. Na yanzu kuwa ba a ganin mai karɓa.

Laƙabin zamaninmu ya ƙarasa abin da Santsi da Taɓo suka fara, domin yanzu sunan mutum ake ɗauka a liƙa masa ɗafa-ƙeyar "-iyya", irin wadda muka sani a Ƙadiriyya da Tijjaniyya, sai ka ce ɗariƙa. Ana gane ɗan siyasa da launin hularsa. Ban ce babu abin da ya raba ɓangarorin ba, kuma ban raina wanda ya yi karatu da tallafin wata gwamnati ko ya sami hanya a ƙauyensu ba. Amma ban taɓa jin an tsayar da ɗan takara a dandalin Bunkure an tambaye shi daga aljihun wa zai samo kuɗin abin da ya yi alkawari ba, alhali wannan ita ce tambayar da NEPU ta fara da ita.

Ƙuri'ar kuwa har yanzu tana da nauyinta, ko da yake a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. A 2019 ratar da ta raba Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf, bayan zaɓen cike gurbi, ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba, abin da 'yan mazaɓu kaɗan na ƙaramar hukuma ɗaya za su iya bayarwa. A 2023 kotun sauraron ƙarar zaɓe ta soke wa Abba ƙuri'a 165,663 a kan cewa ba a buga musu hatimi ba, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su.

A watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haraji ta tarayya, wadda ta yafe wa duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ta kuma kai kason masu samu da yawa har kashi 25 cikin 100. A takarda, wannan ya fi kusa da abin da 'yan Sawaba suka nema a kan duk wata doka da na karanta. Sai dai mai albashi shi ke da saukin kamawa, tun da ana yanke nasa kafin ya gani. Mutumin da ke zaune a birni yana noma fegi hamsin a Kadawa da sunayen mutane daban-daban, yana da injin casa a Kura da tireloli a hanya, shi ba ya cikin takardar albashin kowa. Kimanta abin da yake samu aikin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, shugabanta kuwa gwamna ke naɗa shi, gwamnan da za a sake zaɓa a 2027.